Kabarin Inna a Ƙarƙashin Jirgi

A kasuwar shanu ta Potiskum kowa ya san Maigandi dillali, mutumin unguwar Dogo Nini. Bafillace ne mai ƙarancin magana. In ya dafa ƙugun bijimi ya yi shiru, to ciniki ya kusa faɗawa. 'Yan kaɗan ne suka san cewa ya taɓa kama hanyar Makka a ƙasa.

Yana ƙaramin yaro iyayensa suka tashi, irin tafiyar mutanen da: a yi gaba, damina ta faɗi a tsaya a yi kiwo, rani ya yi a ƙara gaba. Sun wuce Abeche ta ƙasar Chadi, zazzaɓi ya kayar da innarsa. Aka binne ta gindin wata aduwa, kusa da rijiyar da ba wanda ya riƙe sunanta. Mahaifinsa bai ƙara taku ɗaya gabas ba, ya juyo da ɗansa gida.

Sai da furfura ta gama cin gemun Maigandi sannan 'ya'yansa suka biya masa kujerar Hajji. Da ya ji cewa jirgin da ke tashi daga Maiduguri zuwa Jidda ta saman Chadi yake bi, ya nemi abu ɗaya tak: a ba shi wurin taga. Kusa da shi aka zaunar da Babaji mai dusa, Babarbare, abokin wasansa na kasuwa.

"Kai Bafillace, me za ka yi da taga? Kiwo za ka yi daga sama?"

"Yi shiru, bawana. Akwai wadda zan gaisar a hanya."

Shi a zatonsa jirgi hanya yake bi kamar mota, zai ga gari ya ga itace. Da suka yi sama, sai gajimare, can kuma ƙasa ja a shimfiɗe kamar fatar da aka shanya. Ba rijiya, ba aduwa. Ya kira ma'aikaciyar da ke rabon abinci.

"'Yata, in mun zo Abeche ki gaya mini."

Ta tafi ta tambayo. Ta dawo ta rusuna ta ce, "Baba, muna saman Chadi yanzu, amma ba wanda zai iya ce maka ga wurin. Wataƙila ma yanzu muke wuce shi."

Maigandi ya dubi shinkafar da ke gabansa. Tafiyar da ta ci musu damina biyu, ta ci uwarsa, ga shi ana cinye ta tsakanin shayi da abinci. Ya rufe kwanon, ya ɗaga hannu ya fara Ƙulhuwallahu.

Babaji ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskar tsohon ya fasa. A hankali ya ce, "Wa?"

"Inna."

Babaji ma ya ajiye cokali ya ɗaga nasa hannun. In hannu ya gaji su ɗora kan gwiwa, baki dai bai tsaya ba. Haka har ƙasa ta ƙare, teku ya bayyana a ƙarƙashinsu, sannan suka shafa.

"Kana ganin ta samu?" in ji Babaji.

Maigandi ya jingina, ya lumshe ido.

"Ban san inda take ba," ya ce, "amma ba inda na tsallake."