Ranar da Yaya Gado Ya Tashi da Ƙwarya a Ka

Mu shida ne a tsakar gidan ranar. Ni Kulu; da Aisa matarsa; da Liman Sani; da Jauro Bello mai kawo masa man shanu daga ruga; da Mumuni, tsohon abokin kokawarsa da ya ƙetaro daga Benin; sai Sista Ngozi, ma'aikaciyar asibiti, 'yar Ibo da ta fi shekara ashirin a Bagudo. Na bakwai shi ne mai gayya, yayana Gado, tsugune a tsakiyarmu.

Duk wanda ya san Yaya Gado ya san ba ya zama. In ban da zaman tahiya a salla, ban taɓa ganin ɗuwawunsa a kan kujera ko tabarma ba. Tsugune yake cin tuwo, tsugune yake gaisuwar mutuwa, kuma in zai tashi ba ya dafa ƙasa, ba ya dafa gwiwa. Cewa yake, "Ɗan kokawar da ya saba wa ƙasa da ɗuwawunai, bayanai na nan tahe." Daga Zagga har Dole Kaina kuwa ba a taɓa kai bayan nan ƙasa ba.

Lokacin da aka ba mu jihar Kabi, an yi taro an jera kujeru, aka ware masa ɗaya a sahun manya. Wani ɗan sakatariya ya dinga roƙonsa, "Baba, yau dai a zauna, ranar farin ciki ce." Yaya ya cire takalmi, ya haye kujerar, ya tsuguna a kanta kamar shamuwa bisa kuka. Ya ce, "Jiha ta sabuwa, yaro. Gwiwata tsohuwa ta."

Man shanu kuwa da ludayi yake shansa. Ba abin da ya tsorata shi sai da babban wanmu Umaru ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, muka shekara uku muna juya shi. Bayan rasuwarsa Sista Ngozi ta matsa wa Yaya aka auna jininsa. Aka ce kitse ya yi yawa, hanyar Umaru ya ɗauka. Aka ɗora shi a kan wata 'yar ƙwaya, sitatin sunanta. Ban yi boko ba, amma abin da ya shiga gidanmu ina riƙe sunansa.

Wata biyu da farawa aka yi suna a Sharabi. Yaya ya tsuguna tun hantsi yana ba da labari, mutane na dariya. Ni ban yi ba, ina kallonsa ta ƙofar zaure. Labarin kokawarsa da Mumuni sau uku ya maimaita shi, gumi na zuba. Aka kira azahar, kowa ya tafi, mutumin da ke riga ladan masallaci bai motsa ba. Na fito na tsaya a kansa.

"Yaya, tashi."

"Labarina bai ƙare ba."

"Wa kake ba? Akuya?"

Sai ya ce, "Kulu, cinyoyin ga ba nawa ba ne. Awa an kwana ana dakansu."

Na miƙa masa hannu, ya harare ni. Sai na shiga gida na ɗauko taɓarya na kafa a gabansa, na juya baya. Na ji nishinsa, ban waiga ba.

A hanya ya ce ya gane mai kayar da shi. Tun da ya fara ƙwayar nan ciwon ya shigo. "Na kama maza masu nauyin sa, ga abu bai kai ƙwayar wake ba! Gobe a kogin Kwara zan zuba ta." Ni kuwa sai na tuna Umaru kwance.

Na ce, "Ashe gudu za ka yi. Ban san kana fita fili ba a busa ba."

Wannan ce ta kama shi. Muka je wurin Sista. Ta tambaye shi ko fitsarinsa ya koma kamar shayi, ya ce ba a yi wa dattijo wannan tambaya gaban ƙanwarsa. Ta ce, "Baba, in ya koma haka, yau ɗin nan za mu tafi, ba gobe ba." Ya ce bai koma ba. Ta ce kada ya yanke magani da kansa, likitan da ya rubuta shi zai gyara.

Tsugune ya je Birnin Kabi a bayan a-kori-kura. Likita ya nuna masa kujera har sau biyu. Da ya ga ba ci, sai ya tattare wandonsa ya tsuguna su biyu a ƙasa. Kafin a gama magana likita ne ya kama tebur ya miƙe. Yaya ya ce, "Yaro, kai ma ita kaka sha?"

Aka ɗebi jini, aka ce naman jikinsa bai lalace ba. Likita ya hutar da shi 'yan kwanaki, sannan ya sauya masa wani irin, mai ƙaramin ƙarfi. Ya ce ya riƙa shan ruwa, yana tafiya a hankali, yana miƙe ƙafafu, a gasa masa da ruwan ɗumi. Yaya ya yanka sharaɗi: kwana arba'in. In ya tashi babu dafawa, shi da ƙwaya har kabari. In ya kasa, Kwara.

Kwana arba'in ɗin nan ni na tsare su. Aisa na gashi da tsumma safe da yamma, ni na tsaya sai na ga ya haɗiye na ce ya buɗe baki. Jauro Bello ya zo da ƙwaryar man shanu a ɓoye cikin riga, na tare shi a zaure. Ya ce, "Inna Kulu, na shafawa ne." Na ce ya shafa wa shanunsa.

To, ranar cikar arba'in ɗin ce muka taru. Mumuni ya ce, "Gado, in ka faɗi, a rubuta ni na kada ka." Yaya ya ce wa Aisa ta ciko ƙwarya da ruwa fal, ta ɗora masa a ka. Liman ya ce, "Wannan ba ya cikin sharaɗi." Ya ce, "Yanzu ya shiga."

Ya harɗe hannu a ƙirji. Tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya! Na ga cinyoyinsa na rawa, na ga ya tsaya a rabi har na ce shi ke nan. Sai ya ci gaba, a hankali, a hankali, har ya miƙe sak. Ko ɗigo bai zuba ba. Liman ya yi kabbara, Sista ta ɗaga hannu sama tana godiya da yarensu, Mumuni kuka wiwi. Yaya ya sauke ƙwaryar, ya ce a miƙo ƙwayar, ya kora da ruwan.

Bai sake fashinta ba. Shekara tara ya ƙara, da ƙafarsa ya je masallaci ranar da ya cika.

Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma washegarin ranar da ya tashi da ƙwaryar nan, da sassafe, na zagaya bayan rumbu na tsuguna, na ɗora moɗa cike da ruwa a kaina, na harɗe hannu. Da shekara goma ya girme ni. Na yunƙura zan tashi, sai ga ni rigingine, zane sharkaf, kaji na kallona. Ina nan kwance na ɗaga hannu na ce: Allah, wannan bawa naka ba irinmu ba ne, ka bar mana shi.

Ya bar mana har iya kwanansa. Allah ya jiƙan Yaya Gado, ya yalwata masa makwanci, ya haɗa shi da Umaru a inda babu ciwo. Amin.