Igiyar Baba Makanike

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Maris, Baba Makanike ya rasu a gidansa bayan 'yar gajeriyar jinya. Ina bakin titi ina jiran fasinja babban ɗansa ya kira ni ya faɗa mini. Na kashe babur na zauna a kai, na daɗe ina kallon ɗan ƙarfen da ke ƙarƙashin babban yatsana na hagu. Baba, kai ka ɗora shi a wurin, kuma da shi nake ciyar da iyalina.

Ka tafi ka bar wani babur a tsakiyar gareji, aikinsa bai kai ƙarshe ba. Na wani bawan Allah ne mai kai burodi shaguna, wanda ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafar dama. Yana zuwa ya zauna a bencin ƙofa da sandunansa, yana ta kallon baburin. Na san irin wannan kallon, domin a kan bencin nan na taɓa yin sa.

Ni ma ƙafar dama na rasa, bayan wata babbar mota ta matse ni da gefen gada. Wanda bai san babur ba zai ce ai ƙafa ɗaya ta rage, a gode wa Allah. Mun gode, amma birkin baya a ƙafar dama yake. Wanda kuwa ya dogara da birkin gaba kaɗai, ga fasinja a bayansa, ran da aka yi ruwa sai dai a kwashe su a ƙasa. Kowa ya ce in sayar da baburin in nemi teburi in kasa kaya. Matata ma ta ɓoye makullin a cikin kayan ɗinkinta, ta ce gara mu kwana da yunwa da in sake hawa.

Wani maƙwabcina ne ya lallashe ta ta ba shi makullin, ya kai ni da baburin wurinka. Na yi tsammanin za ka fara duba baburin, sai ka kama hannuna na hagu kana juya shi kamar mai zaɓen kankana a kasuwa. Ka sa na matse tafinka da iya ƙarfina, ka auna inda babban yatsana yake kaiwa ba tare da sauran sun saki kuloci ba. Ka ce ƙarfe ba shi da matsala, duk inda aka lanƙwasa shi zai tsaya, mutum ne ake aunawa. Daga nan ka cire fedar birkin, ka ja sabuwar waya daga tayar baya har zuwa wajen riƙo, ka ƙera ɗan ƙarfen da yatsa zai tura. Ka yi walda ka kwance, ka sake yi, har na fara ƙosawa. Tun daga lokacin ka raɗa mini suna Gaggawa, ya kuma bi ni har yau.

Abin da ba zan manta ba shi ne ranar gwaji. Ka ciro wata tsohuwar igiya daga jikin ƙusa, ka zauna a kan baburin, ka naɗe ƙafarka ta dama ta baya, ka sa ɗanka ya ɗaure ta tam da cinya. Dattijo da furfura, ƙafa a ɗaure kamar ta ragon da za a kai kasuwa, ka tada babur ka zagaya filin bayan gareji, ɗanka na binka a guje. Masu facin taya na maƙwabta suna ta dariya, sun saba gani. Na ce maka, Baba, me ya kai ka wannan wahala, ai ka ɗage ƙafar kawai ya isa.

"In ban ɗaure ta ba za ta taimake ni ban sani ba," ka ce. "Kai kuma ba ka da mai taimakonka. Ba zan miƙa maka abin da ban hau yadda za ka hau ba."

A zagaye na biyu ka faɗi, ka goge gwiwar hannu. Ka tashi kana murmushi, ka ce wayar ta yi sako-sako, gara da ta kada kai, Baba, da a ce ni mai ƙafa ɗaya ta kayar. Daga baya Inna, mai ɗakinka, ta gaya mini ba ta san iyakar rigunan da ta ɗinke maka a gwiwar hannu ba, ta yi faɗan har ta gaji.

Ko da aikin ya kammala, ba ka sallame ni ba. Ka ce akwai sauran gyara, amma a jikina yake. Gaskiyarka ce: duk lokacin da na tsorata, ƙafar da babu ita ce ke fara zabura tana neman feda, kafin hannu ya tuna aikinsa na riga na wuce. Sai ka riƙa tsayawa a gefen fili da kwalin da babu komai a ciki, kana yi mini hira kamar ba ruwanka, can sai ka wurgo shi gabana. Na tattake kwalaye masu yawa. Na yi fushi, na ce wasa kake yi da ni, kai kuwa ka ce in dawo gobe. Ranar da yatsana ya riga ƙafata, kwalin ya tsira, ka aika aka kira matata. Ka sa ta tsaya ta gani da idonta, sannan ka zare makullin ka ba ta, ka ce ita za ta miƙa mini ko ta hana. Ta miƙa tana kuka.

Ba ni kaɗai ba ne. A wajen jana'izarka na ga babura jere a jikin katanga, kowanne da irin nasa gyaran. Akwai wanda ka mayar wa birki ƙafar hagu, akwai wanda ka ɗago wa giya zuwa hannu. Yawancinmu ba mu san juna ba, amma muna kallon baburan muka gane ɗan'uwa. Ba ka taɓa kiran ɗayanmu gurgu ba, ba ka kuma taɓa yi mana kallon tausayin nan mai karya zuciya ba. Tsokana dai mun sha ta, kuma mun ji daɗinta.

Bayan an ɗan natsa na leƙa gareji in gai da ɗanka. Na tarar ya ƙarasa baburin mai burodi, hannunsa kamar naka. Mai burodi na kan benci. Ɗanka ya ciro igiyar daga ƙusa, ya tsaya yana juya ta, idonsa ya cika da hawaye. Ya ce bai taɓa hawa da ita ba, shi dai ɗaurewa ya iya da gudu a baya, yana tsoron kada ya miƙa wa mutum abin da zai kada shi.

"Mayar da ita wurinta, ƙanena," na ce masa. "Ni ba sai an ɗaure ni ba."

Na hau na zagaya filin, na dawo na ce ya ƙara jan wayar kaɗan. Ya ja, na sake zagayawa, birki ya kama yadda kake so. Sannan na ɗauki kwali na tsaya a gefe, na ce wa mai burodi ya taso, aikinsa yanzu ya fara.

Baba, mun gode. Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Kowace tafiya da ɗayanmu ya yi ya dawo gida lafiya, Allah Ya sa ta a mizaninka. Yadda ka tsayar da mu a kan ƙafafunmu, Allah Ya tabbatar da naka a kan siraɗi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da 'ya'yanka da jikokinka, da duk masu zama a bencin ƙofar gareji. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya sa Aljanna ce makomarka, amin.