Ɗan Ayashe

Sunan mahaifiyata Ayashe. Na rubuta shi nan ba tare da wata wahala ba, domin hannu ba ya jin kunyar da baki yake ji. Amma har na yi furfura, har na aurar da 'ya'ya, sau ɗaya tak sunan nan ya taɓa fita daga bakina. Haka aka tashe mu a unguwar Ƙofar Dumi ta Bauchi, ɗa ba ya kiran sunan uwarsa. Inna muke ce mata. A wasu gidajen, in wata mai sunan uwarsu ta shigo sai yara su ce "mai sunan Inna". Mu ba mu taɓa buƙatar wannan ba, don ba mu taɓa gamuwa da wata mai irinsa ba.

Tana da sunan yanka, irin wanda in ka kira shi a tsakiyar kasuwar Muda Lawal mata goma za su waiwayo. Ba wanda ya san ta da shi. Asalin Ayashen kuwa ba daga bakinta na ji ba, daga bakin ƙawarta ne, wata mai daddawa da ƙofar gidansu ke kallon tamu, wadda muke kira Iya. Tare suka tashi tun suna talla.

Iya ta ce kakata mai wabi ce, wato tana haihuwa amma yaran ba sa zama. Wani ya yi wata biyu, wani ya kai rarrafe, sai zazzaɓi ya ɗauke. Da aka haifi Inna, tsofaffin gidan suka ce kada a nuna ana son ta. Aka naɗe ta a tsumma, aka ɗora a faifai, aka kai bakin juji aka ajiye, kowa ya juya baya. Wata maƙwabciya da aka riga aka shirya da ita ta zo ta ɗauka, tana cewa ta tsinci abin da masu shi suka yar. Daga nan aka sa mata Ayashe, ma'ana a yashe ta, ba mai so. Wai in mutuwa ta zo ta ji sunan, za ta ga kayan da masu shi ma suka raina, sai ta wuce gaba.

Malamai sun ce camfi ne, ni kuma ban yi musu ba, rai a hannun Allah yake. Amma a matsayina na wanda ya ci abinci da cinikin hatsi tun daga dako har na mallaki rumbuna na kaina, na gane dabarar. Ni ma na sha zuba farin wake mai kyau a tsohon buhu in zan bi hanyar da ban yarda da ita ba. Mutanen nan ba ƙin ta suka yi ba. Tsoro ne ya kai su har ba sa iya cewa suna so.

Ina yaro ban ga haka ba. Yaran unguwa sun san labarin, in muka yi faɗa sai su ce mini ɗan juji. Iya kuwa ba ruwanta, daga ƙofar gidansu take ɗaga murya.

"Ayashe! Fito ki ga abin da ɗan nan naki ya yi wa shanyata!"

In ta gan ni a lungu kuma, "Ɗan Ayashe, zo nan, mai kunnen ƙashi." Ni ban san ma ko ta riƙe nawa sunan ba. A lokacin ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Inna ta rayu, ta binne duk tsofaffin da suka kai ta juji, ta ga jikoki. Da ta rasu, gidan ya cika da masu ta'aziyya, kowa yana cewa Allah ya jiƙan Inna, Allah ya jiƙan Hajiya. Iya ce kaɗai ta zauna a bakin ƙofar ɗakin tana cewa, "Ayashe, kin yi mini wayo." Sai bayan an watse na lura cewa a cikin taron nan duka, mutum ɗaya ce ta kira ta da sunanta.

Ba a daɗe ba uwargidana ta haifi autarmu, mace. Kafin ranar suna na same ta a ɗaki na ce ina so a mayar da Inna.

"Ai dama ba sai ka faɗa ba, Alhaji," in ji ta.

Na ce ba na yankan kawai ba, har da wancan.

Ta dube ni, ta gyara wa jaririyar kwanciya. "Wata tara ina ɗauke da ita, sannan in buɗe baki in ce a yashe ta? 'Ya'yana duk suna raye, alhamdu lillahi. So kake mutane su ce me ya same mu?"

Na ce suna ne kawai.

"To, a ce an sa. Wa zai kira? Kai za ka kira? Ko ni da take surukata?"

Na daɗe ina ciniki, na san lokacin da aka gama da ni. Ko da an sa, sakaya shi za a yi, kamar yadda ake yi wa duk yarinyar da ta ci sunan kakarta. Aka raɗa mata sunan yankan Inna, muka riƙa ce mata Ummi. Yanzu tana aure a Kaduna. Ban tabbata ta san wancan sunan ba.

Daga baya wata ɗabi'a ta kama ni a kasuwa. Masu kawo mini kaya daga ƙauyuka suke zuwa, ta wajen Ningi, Darazo, Dass, Toro. In an gama awo ana shan ruwa, sai in jefa musu tambaya. A ciniki ba na fara faɗin farashi, barin mutum nake ya faɗa da bakinsa, to haka na yi a nan.

"Wai sunayen nan na 'ya'yan wabi, har yanzu ana sa su a wajenku?"

"Irin su Ajuji? Haba Alhaji, ai sai tsofaffi."

"Na mata fa?"

Wani ya yi ta lalube bai samo ba. Wani ya samo, in ji sunan ya faɗo tsakanin buhuna, in yi kamar ina duba ɗinki. Wani direba ya ce yana da gwaggo mai sunan, amma ta rasu. Wani dattijon Bafulatani ya ce su ma suna da nasu irin, su ma sun bari. A duk shekarun nan ba wanda ya taɓa ce mini ya san yarinya ƙarama mai shi. Yanzu akwai asibiti, akwai rigakafi, ga wa'azi, sunaye kuma daga waya ake zaɓo su. In zan faɗi gaskiya, mutuwar kasuwar sunan nan alheri ce, don ba a sa shi sai a gidan da aka gaji da haƙa ƙananan kaburbura. Na san haka sarai. Sanin bai rage mini komai ba.

Na gina gida a Gwallameji, mai katanga da ƙofar ƙarfe. Yara suka watse, wannan Abuja, wannan Kaduna. Uwargida ta zama 'yar zagayen jego, in ta dawo daga wajen wannan sai waccan ta haihu. A unguwar ba wanda ya san ni ina yawo ba takalmi. Alhaji mai hatsi, shi ke nan. Sai na tsiri zuwa Ƙofar Dumi ranar Juma'a bayan an sauko. Mota ba ta shiga lungunmu, keke mai ƙafa uku nake hawa in ƙarasa da ƙafa. Ƙarfin Iya ya ƙare, matar jikanta ce ke yin daddawar, amma tana zaune a tabarma a tsakar gida tana ba da umarni. Ina yin sallama za ta ɗago.

"Ɗan Ayashe! Wannan tumbin duk naka ne, ko ajiya aka ba ka?"

In durƙusa in gaishe ta, in sayi daddawar da ba na buƙata, in tafi. Abin da ya kawo ni na riga na samu tun a bakin ƙofa.

Wata shekara da kaka harka ta riƙe ni a ƙauyuka, ina bin kasuwanni ina tara masara kafin ta yi tsada. Na jima ban leƙa ba. Da na koma, matar jikan ta tare ni a zaure.

"Baba, sai haƙuri fa. Tun da ta yi zazzaɓin nan ba ta cika gane mutane ba. Kunnen ma ya ƙara nauyi."

Na same ta a ɗaki, ta rame, idonta a kan ƙofa. Na yi sallama na durƙusa. Ta dube ni kamar mai karɓar kuɗin wuta.

"Wane ne?"

"Ni ne, Iya. Alhaji mai hatsi."

"Ba mu saya."

Matar jikan ta rufe baki tana dariya. Na ce ni ne na gidan da ke kallon nasu. Ta ce gidan nan ai baƙi ne a ciki, kuma gaskiyarta, mun sayar tun tuni. Na ce ɗan ƙawarta ne.

"Wace ƙawar? Ƙawayena sun fi gashin kanka."

Na koma dabarata ta kasuwa. Na ce wadda kuke talla tare. Wadda aka kai juji a faifai. Na tsaya ina jira ta ƙarasa da bakinta. Ta yi ta kallona, leɓenta yana motsi, ba abin da ya fito. Na waiwayi matar jikan ko za ta taimake ni, sai na tuna an kawo ta gidan bayan Inna ta rasu. A duk faɗin Bauchi, in ka cire uwargida da ba za ta kira shi ba, mu biyu ne muka rage da sunan nan, ita kuma ya suɓuce mata.

"Kai ɗan wa ne?" in ji Iya. Ta fara gajiya da ni.

Na sunkuyar da kai na faɗa, a hankali, kamar mai satar magana a masallaci.

"Me? Ɗaga murya, ba ka ci abinci ba ne?"

Sai na ɗaga. Ni mai jikoki, durƙushe a ɗakin tsohuwa, na kira sunan uwata da ƙarfi har awakin tsakar gida suka ɗago kai. Bakina ya yi wani iri, kamar na tauna abin da ba a ci.

Fuskar Iya ta buɗe. "Ayashe!" Ta kamo hannun rigata. "Ɗan Ayashe ne! Mai kunnen ƙashi! Ina take? Ta daina leƙo ni. Ka ce wa Ayashe in fushi take, ta dawo mini da taɓaryata tukuna."

Na ce to, Iya.

"Ka faɗa mata fa."

Na ce in Allah ya yarda.

Ta yi ta maimaita sunan tana ba ni labarin wani biki da suka je da zane iri ɗaya, har barci ya ɗauke ta a zaune. Na daɗe ban tashi ba. A zaure matar jikan ta miƙo mini ƙullin daddawa, ta ce, "Baba, wai dama sunan mutum ne wannan?" Na ce mata e, sunan mutum ne.

Iya ba ta ga damina ba. A wajen ta'aziyyarta kowa ya gaishe ni da Alhaji, aka ba ni kujera a gaba. Na koma Gwallameji da la'asar, na buɗe ƙofar ƙarfen da kaina, gidan shiru, uwargida tana Kaduna. Na tsaya a tsakar gida na ce bari in gwada ko zai sake fita, tun da ba kowa. Na buɗe baki, sai na ji na ce Inna.