Farin Yadin da Na Aiko Daga Panyu

Kafin in zama mutumin da ake nunawa da baki a garinmu, ni ɗan gidan duba-gari ne. Mahaifina ya yi aikin tsafta a ƙaramar hukumarmu har ya yi ritaya, kuma har yau akwai tsofaffin matan da idan aka ambace shi sai sun tuna da randunansu. Mutum ne da za a miƙo masa ƙwai ko zabuwa don ya kau da kai daga kwata, ya ce a kai wa mai jego, gobe kuma zai dawo ya ga an share. A hannun wannan mutum na tashi. Na fara da haka ne don kada wani yaro ya karanta labarina ya ce rashin tarbiyya ne. Tarbiyya kam na sha ta har na ƙoshi, ni ne dai na amayar da ita.

Da na gama difloma ban samu aiki ba, sai na shiga yi wa 'yan kasuwar atamfa aike a Kano, har wani Alhaji ya tafi da ni Guangzhou in riƙa yi masa saro. Daga baya ya daina zuwa, ni kuwa na zauna. Na kama ɗaki a unguwar Panyu saboda haya ta fi sauƙi, na iya gaisuwa da Sinanci, na iya kiran mai shago laoban, na iya ciniki da kalkuleta. A gida an ɗauka na haye. Gaskiyar magana tafinta nake yi da dako, ranar da babu baƙo taliyar kwali nake jiƙawa da ruwan zafi.

Ku yara ba ku san yadda tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ke rayuwa ba, kuma ba kwa tambaya. Fansho abu ne da aka ce haƙƙinsa ne, amma roƙonsa yake yi kamar sadaka. Wannan wata alat ya shigo, wancan wata shiru, wani watan a yanke rabi ba bayani. Giratuti kuwa akwai wanda ya jira shi har aka raka shi makabarta. Sai kuma a tashi a ce tantancewa, kowa ya zo birni da ƙafarsa ya nuna yana da rai. Na taɓa ganin an ɗauko tsoho mai shanyewar ɓarin jiki a bayan akori-kura, an kwantar da shi a layi cikin rana, don wani yaro mai riƙe da biro ya yarda bai mutu ba. Har yanzu idan na tuna sai raina ya ɓaci, sai kuma in tuna ni ma na yi musu wanda ya fi wannan.

Saboda wannan wahala tsofaffin suka kafa ƙungiya. Suna taruwa a wata rumfa bayan sakatariya farkon kowane wata, su haɗa kuɗin motar masu zuwa bin sawun fansho, su raba wa juna zuwa dubiya, su yi ta faɗa a kan wanda bai biya kuɗin wata ba. Shugabansu Malam Ilu ne, tsohon hedimastan da ya koya mini karatu da bulala. Babana kuwa shi ne ma'aji, tunda ba wanda ya taɓa jin ya ci ƙwandalar wani.

Wata shekara wani tsohon masinja ya rasu ana binsa fanshon watanni, sai da aka zaga unguwa da ƙoƙo kafin a samu kuɗin likkafani. Abin ya ƙona wa tsofaffin nan rai. A taro na gaba suka yanke shawara za su sayo farin yadi da yawa daga inda ake yin sa. Kowane ɗan ƙungiya a yanka masa likkafaninsa ya ajiye a gida, sauran a buɗe shago a riƙa sayarwa, ribar ta zama abin da za a ranta wa mutum a watan da fansho ya ƙi zuwa. Aka ce to wa za a aika? Babana ya miƙe ya ce, “Ɗana yana can. Ni na tsaya masa.”

Da kuɗin suka iso na tafi wata masaƙa a gefen Panyu. Laoban ya shimfiɗa mini samfur biyu a kan tebur, duka farare ƙal, duka da kauri a hannu. Ya danna farashin na farko a kalkuleta, ya danna na biyu, na ga ratar da ke tsakani ta kai kuɗin hayata na wata da watanni. Na tambaye shi bambancin. Bai ɓoye mini ba, shi kam. Ya kama gefen na biyun ya murza, sai ga farin gari yana zuba. Zare ne shara-shara aka cika shi da sitaci, ruwa na taɓa shi kaurin ya tafi.

Ba wanda ya zuga ni. Ni kaɗai na tsaya na yi lissafi da kaina. Na ce yadin shago dole ya zama mai kyau, domin mai saye zai wanke, zai dawo da ƙorafi. Amma likkafani fa? Ba a wanke shi, sau ɗaya ake sa shi, ƙasa ce za ta cinye shi, kuma ba wanda ya taɓa dawowa daga kabari ya ce yadi bai yi ba. A lokacin har daɗi na ji, ina ganin na gano dabarar da ba ta cutar da kowa. Na sa aka ɗaure na likkafani daban daga cikin mai sitacin, aka rubuta mini rasit da farashin mai kyau.

Wanda yake yi mana lodi wani Alhaji Mumuni ne, mutumin Zangon Kumasi. Da yaransa suka ɗaga dilolin ya ga fari a tafin hannunsu, sai ya dube ni ya ce, “Abokina, wannan kaya wa zai sa shi?” Na yi dariya na ce matattu. Bai yi dariya ba. Ya ce, “Matattun ai iyayen wani ne.” Na ce masa ya yi aikinsa, ba wa'azi na zo saye ba.

Kaya suka isa lafiya. Shago ya karɓu, teloli suka yi ta saye, masu ɗinka wa 'yan Islamiyya kayan makaranta suka zama kwastomomi. A karon farko fansho ya makara amma ba a fasa ɗora tukunya a gidajen tsofaffin ba. Aka raba likkafani, kowa ya naɗe nasa a leda ya sa a ƙasan akwati. Malam Ilu ya kira ni a waya, tsofaffi suka yi ta karɓa ɗaya bayan ɗaya suna sa mini albarka, ni kuma ina zaune a gidan cin abinci ina cewa amin da nama a bakina.

Ana nan sai aka biya wasunsu wani kaso na giratutin da suka daɗe da fid da rai. Maimakon kowa ya kashe nasa, suka ce a zuba a shago a faɗaɗa shi, don ko bayan ransu iyalansu su samu abin kamawa. Suka turo mini kusan duka. Wanda ya ci amana sau ɗaya bai ga komai ba, na biyu ba ya yi masa nauyi. A kasuwar Shahe na san masu yin rigunan ƙwallo da takalma da tambarin manyan kamfanoni na jabu. Na ce bari in juya kuɗin nan a ciki sau ɗaya tak, in kwashi ribata, sannan in sayi yadin, ba wanda zai sani.

A tsakanin nan Baba ya kira ni. Ba mai son waya ba ne, kuma bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

“Yadin nan na likkafani, kai ka zaɓa da hannunka?”

“Ni na zaɓa, Baba.”

Sai ya ce, “Kuɗin mutane da ke hannunka, ka dawo musu da su. Ko ba yadi.”

Na ce ai an riga an yi lodi, kaya suna kan ruwa. A lokacin ko kwabo ban kashe ba, da na ga dama da yamma ɗin nan sun koma. Ya ce, “To. Allah na gani.” Ita ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinsa.

Ba a yi wata ba 'yan sanda suka dira a ɗakin ajiyar da muka tara kayan jabun. Suka same ni tsaye a kan kwali ina ƙirga, ga bizata ta daɗe da ƙarewa. Aka kwashe kayan gaba ɗaya, giratutin tsofaffi ya tafi a bayan motar hukuma. Waɗanda muke cin abinci tare kullum suka kashe wayoyinsu. Kotu ta ba ni shekara huɗu.

Ba zan cika ku da labarin kurkuku ba, don na lura yara suna sauraronsa kamar fim. Ku dai sani gidan yarin ƙasar da ba a jin harshenka kabari ne da ake tashinka da asuba. Na yi ɗinkin safar hannu har yatsuna suka kangare, na ci shinkafa da kabeji har na manta ɗanɗanon daddawa, na yi watanni ban furta kalmar Hausa ba sai a cikin zuciya. Da farko laoban nake zagi, sai 'yan sanda, sai gwamnatin da ta hana ni aiki. Sai da na zagi kowa na ƙare, sannan na ga saura mutum ɗaya. Daga nan na fara sallah ta gaskiya.

Da wa'adina ya cika aka sa ni a jirgi da kayan jikina. A ƙofar gidanmu na ji Baba ya rasu tun ina tsare. Washegari, da yake ranar taro ce, na ɗauki ƙafa na tafi rumfar nan ta bayan sakatariya, na shirya a zage ni, ko a tofa mini yawu. Benci biyu babu kowa a kai. Shago an rufe tuntuni, mai gyaran waya ne a ciki. Malam Ilu ya dube ni ta saman tabarau ya ce in zauna.

Shi ya ba ni labarin abin da ban sani ba. Wani ɗan ƙungiya ya dawo daga Umara ya ba Baba ruwan Zamzam a 'yar jarka. Kamar yadda tsofaffinmu ke yi, Baba ya ɗauko likkafaninsa ya tsoma a ciki don neman albarka. Ruwan ya koma kamar farau-farau, yadin kuwa da ya ɗaga shi sai ga shi kamar gidan sauro. A ranar ya kira ni.

“Bai tona ka a taro ba,” in ji Malam Ilu. “Gida-gida ya bi yana karɓar na mutane. Duk watan da alat ya shigo sai ya sayi mai kyau guda ɗaya ya mayar wa wani. Watan da bai shigo ba ya zauna yana addu'ar kada kowa ya mutu. Da labarin kamunka ya zo ya sayar da gonarsa ya kawo, ba ta kai ko'ina ba. Ya ajiye muƙamin ma'aji da kansa.”

Na tambaya ko ya gama mayar wa kowa. Ya ce a'a, kwana ya ƙare masa da saura.

“Shi kuma ya bar wasiyya a sa shi a wanda ɗansa ya sayo. Mun roƙe shi, ya ce shi ya tsaya maka, shi zai sa. Ni na yi masa sutura. Muka yi ta ninkawa, muna ƙarawa, duk da haka ina ganin inuwar fuskarsa.”

Ya sa hannu ƙarƙashin benci ya jawo wata baƙar leda da yake zuwa da ita kowane taro tun da ya ji an kusa sako ni. Ya ce Baba ya ware wannan daga cikin likkafanin da ya karɓo, ya ce a ajiye mini, nawa ne.

Yanzu adaidaita sahun wani nake ja. Duk ranar tantancewa ni nake kwasar tsofaffin da suka rage zuwa tasha ba ko sisi, wasu su amsa gaisuwata, wasu su shiga su fita ba su dube ni ba, kuma suna da gaskiya. Fanshon nan har yau haka yake, wata ya zo wata ya ƙi, ga shi babu shagon da za a ranta. Ni na cire musu wannan katanga. Duk watan da na samu sarari nakan sayi likkafani mai kyau guda ɗaya in kai inda Baba bai kai ba, kuma sai na jiƙa gefensa a gaban mai shi kafin in miƙa.

Abin da ke ci mini rai shi ne har yanzu samari suna tare ni a bakin titi, ba don su ji abin da ya same ni ba, sai don in ba su lambar laoban. Wani ma cewa ya yi ai rashin sa'a ce kawai na yi. Ƙannena, ku saurare ni. Ba ranar da 'yan sanda suka zo na lalace ba, tun ranar da na tsaya gaban teburin nan na nemi wanda ba zai iya ƙorafi ba na ce shi zan cuta. Idan ka ji zuciyarka tana ce maka wannan ba zai sani ba, wannan tsoho ne, wannan ya mutu, to ka ajiye abin ka fita da gudu. Idan kuma wani ya miƙe a cikin mutane ya ce shi ya tsaya maka, ka sani jikinsa ya ba ka, duk abin da ka saya shi zai sa.

Ledar nan tana ƙasan akwatina. Na tuba, ina kuma fatan Allah Ya karɓa, amma na riga na gaya wa 'yan'uwana kada wanda ya saya mini wani yadi ranar da tawa ta zo. A sa ni a wanda na zaɓa da hannuna.