Kaset Ɗin Da Ya Kai Yayana Daji

Edita, ina gaishe ka da masu karatu. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba.

A shekarun da nake magana a kai, ni malamin firamare ne a cikin garin Birnin Gwari, da mata ɗaya da 'ya'ya uku da wani tsohon babur. Ina kuma da ciwon da kowa ya san ni da shi, wato son kiɗan gargajiya. Ba na shan taba, ba na kallon ƙwallo, amma in aka ce ana gayya a Kusasu an ɗauko masu gangar noma, ko ana kalankuwa a wani ƙauye ta wajen Kazage, to ko wata ya yi nisa sai na nemo man da zan zuba. Bikin Musulmi ne ko na maƙwabtanmu Kirista lokacin Kirsimeti, ban taɓa tambaya ba, in dai akwai ganga. Nakan rataya rikoda a kafaɗa, in cika aljihu da batir, in sami gindin bishiya kusa da makaɗa in zauna. Ina da wata ɗabi'a irin ta malaman makaranta: kafin a fara kiɗa sai na kai bakina jikin rikoda na faɗi sunan ƙauyen, da sunan makaɗin, da sunan wanda ake yi wa wasan, don kada kaset ya rikice mini. Akwati biyu na cika da kaset, kowanne da rubutu a bayansa. Matata takan ce ko takardun haihuwar 'ya'yanmu ba su sami irin wannan gata ba, kuma gaskiya ta faɗa.

Yayana, wanda muke ciki ɗaya, manomi ne a ƙauyenmu da ke bakin dajin Kamuku. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, da dawarsa na yi karatu. Ba mai kuɗi ba ne. Abin da ya mallaka shanun huɗa biyu ne, da rumbu uku, da wata gona mai kyau a fadama. Wata shekara damina ta yi albarka, ya kira gayyar girbi, ya ɗauko wani tsohon makaɗin noma. Duk wanda ya san makaɗan noma ya san sana'arsu zuga ce. Tsohon nan ya ɗaga yayana sama. Ya ce in garkensa ya fita kiwo, na gaba yana shan ruwa a rafi na baya bai bar gida ba. Ya ce rumbunansa sun fi ɗakunan garin yawa. Ya ce a tukunya yake binne kuɗinsa don banki ya yi masa kaɗan. Kowa a wurin ya san ba haka ba ne, magana ce da ake yi don hannun masu girbi ya yi sauri. Mata na guɗa, yayana na dariya yana rufe fuska da hula, a ƙarshe ya tuɓe rigarsa ya miƙa wa makaɗin. A duk abin da na ɗauka, babu wanda ya kai wannan kaset fita da kyau, kuma babu wanda nake so kamarsa.

Shekaru suka wuce, daji ya lalace. Aka daina gayya, aka daina kalankuwa, mai abin hannu ya koma sa tsohuwar riga. Wata ranar kasuwa na haɗu da tsohon makaɗin yana sayar da igiya, ya ce ya rataye ganga. Ya riƙe hannuna ya ce yana jin labarin kaset ɗina, in ajiye su a ɗaka, domin yanzu ba lokacin kiran sunan mutum a bainar jama'a ba ne. Na ce masa to, amma a raina na ɗauka tsoron tsufa ne. Abin da ya dame ni a lokacin daban ne: kaset sun fara cinyewa, rikodar ta mutu, mai gyaranta ya daina sana'ar. Sai na kwashi akwatunan na kai wa wani mai tura waƙoƙi a waya a bakin kasuwa, ya juye mini su cikin memori. Da ya gama ya ce ana yawan tambayarsa tsofaffin kiɗan noma, ko zan bar masa su ya riƙa tura wa masu so? Na ce ya riƙe. Ba kwaɗayi ya sa ni ba, son a sani ne. Ina so a ji abin da na tara, a kuma ji muryata a farkonsa. Ba a daɗe ba na fara jin muryata a teburin mai shayi da wayoyin 'yan acaɓa, kaina yana kumbura. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina su waye kuma ke shigowa kasuwa su cika wayoyinsu su koma ba.

Wata rana da hantsi 'yan bindiga suka zo a kan babura, yayana yana maimai a gonar masara. Akwai mutane a gonakin da ke kusa, masu baburan suka wuce su, da sunansa suka tambaya, suka tafi da shi. Da suka bugo waya, kuɗin fansar da suka nema ya sa muka ɗauka sun yi kuskuren mutum ne. Matarsa ta rantse musu cewa shanu biyu kawai gare shi, suka ce ƙarya take yi, sun san ko wane ne shi. Muka sayar da shanun, muka sayar da gonar fadama, na sayar da babur, dangi da abokan aikina suka taimaka. Ya yi kusan wata biyu a hannunsu. Duk tsawon lokacin nan ina zagin masu kai musu rahoto, ina zargin wannan da wancan a ƙauye. Har wani bawan Allah na daina gaisarwa.

Ya dawo a rame, ƙafafu a kumbure, kunne ɗaya ba ya ji. Bayan 'yan jaje sun ragu, wata rana bayan la'asar ina canza masa bandeji, mu biyu kawai a ɗaki, ya fara magana yana kallon bango. Ya ce ranar da suka isa da shi daji, babbansu ya zaunar da shi ya ciro waya ya kunna. Muryata ce ta fara fitowa, ina faɗin sunan ƙauyenmu da sunansa, sannan ganga ta biyo. Ya ce sukan tsayar da waƙar a kowace gaɓa su tambaye shi ina garken, ina tukunyar. In ya ce zugar makaɗi ce, sai duka, su ce makaɗi ba ya yi wa talaka waƙa. Na tsaya da bandeji a hannu ina jiran ya tsine mini. Sai ya ce abin da ya fi ba shi mamaki shi ne, duk lokacin da suka kunna, da ya ji muryata sai ya ji sanyi a ransa, don ita kaɗai ce muryar gida da yake ji a can. Wani lokaci har yakan so su kunna, ko da ya san abin da zai biyo baya. Daga nan ya ce in miƙo masa ruwa, na miƙa masa.

Ban yi kuka ba ranar, kuma har yau ban yi ba. Washegari na je wurin mai tura waƙoƙin, ya goge su a gabana, ya ce amma sun riga sun shiga wayoyin da shi ma bai san adadinsu ba. Ban yi masa faɗa ba, ni na ba shi. Na roƙi yayana gafara, ya ce bai ga abin yafewa ba, haka Allah ya rubuta. Da ya mare ni da na fi samun sauƙi. Yanzu yana zaune a gidana a cikin gari, mutumin da bai taɓa wuni a zaune ba, yana wuni a ƙofar gida yana kallon masu wucewa. Matarsa tana gaishe ni kamar da, ban sani ba ko ya gaya mata. Ni kuma ina zuwa makaranta, ina cin abinci, ina salla. In aka sa gangar noma a rediyo ba na jin daɗi, ba na jin zafi, kamar dai ana daka a maƙwabta.

Ban ɗora wa kiɗa laifi ba, ban ɗora wa tsohon makaɗin ba, shi ma ya gargaɗe ni. Abin da na gane shi ne, maganar da aka yi a gaban waɗanda suka san ka wasa ce, amma in ta fita ta je kunnen wanda bai san ka ba, sai ya ɗauke ta yadda ya ji ta. Ina roƙon masu ɗaukar waƙa da hoto a wuraren biki, musamman mu da ke zaune kusa da daji, kafin ku tura abin da ke ɗauke da sunan mutum da garinsu, ku tambayi mai sunan. In ya ce a'a, ku bari, ko da abin ya yi muku kyau. Ni ban tambayi kowa ba. Kuma ba yayana kaɗai ne a cikin memorin nan ba. Akwai magidanta da yawa da na kira sunansu da na ƙauyensu da bakina, suna nan suna noma, ba su sani ba, kuma har yau ban sami ƙarfin zuwa in gaya musu ba.