Mayen Ƙarfen Maigidana

Bindigar maigidana tana da matsattsen baki. Shekara arba'in da ɗoriya muna zaune tare a Sokode, ban taɓa harba ta ba, amma na san ƙaramin yatsana kaɗai ke shiga bakinta. Ya ce mini haka aka ƙera ta, don ta tattara ƙwayoyin harsashi wuri ɗaya su yi nisa. Tuje, wanda yaran yanzu ke ce wa talotalon daji, ba ya barin mutum ya matso kusa da shi.

Yana da wata al'ada da nake yi masa tsiya a kanta. Duk ranar da ya sayo kwalin harsashi, sai ya zauna gindin mangwaro bayan la'asar, ya ɗauki guda ɗaya ya yanke kan harsashin da wuƙa, ya zuba ƙwayoyin cikin tasar da nake auna gero. Sai ya fiddo wani baƙin mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar rediyo, ya ratsa shi a kansu. Idan sun kwanta ba su motsa ba, ya danna ɗaya da bayan wuƙa ta lotse, sannan ya ce alhamdu lillahi. Ni kuwa in ce masa ya ɓata harsashi, ya kuma ɓata mini tasa. Wata rana ya amsa mini, ya ce dubawa yake yi ko ƙwayoyin dalma ne ko ƙarfe, don maye ba ya jan dalma.

"Dalma in ta zo matsatsi, matsewa take yi ta wuce. Ƙarfe ba ya matsewa. Bakin bindigar zai tsaga, ni kuma fuskata tana bayanta."

Ya ce ya taɓa ganin bindigar wani maharbi a wajen Kambole, bakinta ya ɓare kamar ayaba, mai ita kuma da tabo daga kunci har kunne.

Damina biyu ke nan da rasuwarsa. Har yau idan na ga inuwar mangwaron nan ta kai inda yake zama, kuka nake yi, kuma ba na ɓoyewa. Bindigar ta koma hannun ɗan farina, wanda ke aikin ofis a Dapaong. Ya yi mata takardu yadda ya kamata. Mayen ƙarfen kuwa ba wanda ya kula da shi, sai na ƙulle shi a bakin zane, don abin da hannun maigidana ya saba riƙewa ne.

Da rani na je Dapaong ganin jikoki. Ran Juma'a da yamma ɗan nawa ya shigo da kwalin harsashi yana murna, wai gobe za su fita farauta wajen Gando da abokansa. Ya ce mai kanti ya yaba masa wannan harsashin ƙwarai, sabon shigowa ne. Na tuna da al'adar mahaifinsa. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ban saba ma yi masa doguwar magana ba. Sai na ce wa matarsa ta miƙo mini tasa da wuƙa.

Ya yi dariya. "Inna, farauta za ki raka mu? Ga rubutu nan a jikin kwalin, lambar daidai take da ta bindigar."

Na ce masa ni ban san rubutu ba, ya dai yanka mini guda ɗaya. Ya yanka don kada ya saɓa mini. Ƙwayoyin suka zubo cikin tasa, manya, a idona ba su da bambanci da na mahaifinsa. Na kwance bakin zane, na ratsa mayen a kansu.

Tun kafin ya taɓa su suka yi tsalle. Gaba ɗaya suka tashi daga cikin tasar, suka manne, ɗaya tana riƙe da ɗaya, suna reto kamar carbi. Shekara arba'in ina ganin ana ratsa mayen nan, ban taɓa ganin ƙwaya ta motsa ba sai ranar. Ashe abin da yake jira ya gani ke nan duk tsawon shekarun. Na yi ta faɗin subhanallahi, ina duban ikon Allah: abu ba rai, ya ji kiran ɗan'uwansa ya miƙe. Kuma mutumin da ke kwance a maƙabartar Sokode shi ne ya tare ɗansa a Dapaong, da hannun matar da ta yi ta yi masa tsiya.

Ɗana ya daina dariya. Ya sake juya kwalin, ya karanta ƙananan rubutun da ke gefe, ya ce ashe ƙwayoyin ƙarfe ne. Ya danna ƙwaya ɗaya da bayan wuƙa kamar yadda na nuna masa, wuƙar ta zame, ƙwayar ko gezau. Na faɗa masa maganar mahaifinsa yadda ya faɗa mini ita, ina faɗa ina hawaye.

Bai je Gando a wannan Asabar ba. Ya mayar da kwalin, ya samo na dalma, ya kawo mini guda ɗaya da kansa tare da tasa. Ya yanka, na ratsa mayen, ƙwayoyin suka kwanta shiru.

Da zan koma Sokode na kwance mayen na ba shi. Ya yi mini wuya, don shi kaɗai ya rage mini da nake taɓawa. Yanzu yana cikin jakar bindigar, bakin zanena kuma ba komai.