Malam Bunu Mai Filin Daɓe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba 1958, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Bunu Zarami, zakaran ƙwallon tanis na Jihar Arewa, sakataren ƙungiyar wasan ta Lardin Kano. Ya cika a gidansa nan Haɗeja bayan gajeriyar jinya.

Malam, mutanen Kaduna da kofin gasa suka san ka, mu kuwa da filin daɓe. Da ka dawo gida ka nemi simintin yin filin tanis, hukumar En'e ta ce babu. Ba ka yi fushi ba, sai ka je ka durƙusa gaban Iya 'Yar'azumi, uwar matan daɓe, ka ce, "Iya, ɗaki nake so, amma ba rufi." Ta yi dariya har da ƙwalla, ta ce, "Ɗan nan, wace amarya za ka ajiye a rana?" Aka kwaso ƙasar suri, aka jiƙa makuba, mata suka jera da madaɓai suna waƙa. Kowace damina kogi ya cika ya cinye filin, kowace kaka ka koma ka durƙusa.

A kan daɓen nan ka koya mana wasa, 'ya'yan masunta da na makiyaya, ƙafa ba takalmi. Ni bahago ne, an sha dukan hannun nan a makaranta. Kai kaɗai ka ce a bar mini abina.

Bana ruwa na janyewa ka kwanta jinya. Shugabannin ƙungiyar Lardi suka ce in fili bai gyaru ba gasar rani da ake yi a nan za ta koma Kano, kuma wallahi in ta tafi ba ta dawowa. Na tsorata, don bakina ba ya kai inda naka ke kaiwa.

Washegarin sadakar bakwai na bi ta wajen filin, sai na jiyo dukan madaɓai. Ba wanda ya kira su. Iya na gaba da tsufanta, ba mai waƙa ko ɗaya. Na durƙusa zan gode, sai hawaye ya zubo mini. Ta ce, "Tashi, Buba, ɗebo mana ruwa. Hawaye ba ya jiƙa daɓe."

Allah ya jiƙan ka, Malam, ya gafarta maka, ya haskaka makwancinka. Mai ɗakinka Malama Zaituna da yara, da mu da ka bari, Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Amin.